'Yar Akuya A Gidan Rediyo

Yaran yanzu da ke kama tashoshin duniya a wayar hannu ba za su gane irin rediyon da muka fara aiki da shi ba, domin a wancan zamani yawancin masu sauraro akwatin katako kawai gare su mai lasifika a ciki, wanda ake kafawa a bango, a jawo masa waya daga gidan rediyo ta kan falwayoyi, a riƙa biyan kuɗin haya duk wata. Maɓalli ɗaya tak ne a jikinsa, na ƙara murya ko rage ta, saboda haka duk abin da muka faɗa shi gari zai ji, babu wata tashar da mutum zai gudu ya fake. An fara wannan tsari a Legas a 1935, ya iso Kano a 1944, sannan ya bazu zuwa wasu manyan garuruwan Arewa, har da namu. Akwai akwati a ƙofar fada, akwai a bakin kasuwa, akwai a zaurukan attajirai da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, kuma da la'asar sakaliya za ka tarar da mutane sun yi cincirindo a gindin kowanne.

Na shiga aikin ne bayan na gama Midil, da sunan ƙaramin mai sanarwa, amma a zahiri ni ne mai fassara, ni ne mai yi wa garmaho, injin kiɗan faifai, wani, wato murɗa hannunsa don ya juya, ni ne kuma ake aika sayen goro. BBC ba ta buɗe sashen Hausa ba sai a watan Maris na 1957, don haka kafin nan Landan da Turanci take magana, mu kasa kunne a gaban babbar na'urar kamo sauti, murya tana zuwa tana ɓacewa, mu rubuta abin da muka tsinta da fensir, mu mayar da shi Hausa, akawu ya buga a tafireta. Ba mu da na'urar naɗar murya a tasharmu, ko makaɗi aka gayyato sai ya zo da kalangunsa ya buga kai tsaye, kuma abin da ya fita daga baki ya fita ke nan. Dokokin ɗakin watsawa ba su da yawa: idan jar fitila ta kama ba a buɗe ƙofa, ba a tari, ba a kuma yin shiru, domin shugabanmu Bature ya sha gaya mana cewa shiru a rediyo ya fi kuskure muni. Wannan doka ta ƙarshe ita ce ta kai ni ta baro.

A farkon watan Janairu na 1956 ne, hunturu yana kaɗawa, zazzaɓi ya kwantar da babban mai sanarwa, aka ce ni zan riƙe shirin yamma gaba ɗaya, wato cigiya da gaishe-gaishe, sannan faifai guda, sannan labarai. Labaran ranar kuwa manya ne. Sudan ta sami mulkin kai ranar 1 ga watan, abin da ya shafi duk mai ɗan'uwa a hanyar Makka ta ƙasa, ga kuma shirye-shiryen zuwan Sarauniya Elizabeth, wadda za ta sauka a Legas ranar 28, a yi mata hawan daba a Kaduna. A takarda ta biyu akwai sanarwar ofishin gona ga manoman gyaɗa. Na karanta takardun nan a tsaye, na karanta su a zaune, na aika gida a gaya wa mahaifiyata ta je zauren maƙwabta ta saurara, na kuma ari hula.

Ana saura kaɗan a fara sai ga wani dattijo na unguwarmu, abokin mahaifina, ya shigo lulluɓe da bargo, ya ce akuyarsa ja mai farin goshi ta ɓace tun shekaranjiya, yana so a yi cigiya. Ya kwance lalita ya ajiye sisi, na ɗauki alƙalami zan rubuta, sai ya yaye bargon, na ga 'yar akuya ƙarama a hammatarsa tana ƙifta ido.

Na ce, "Baba, ai ba a shiga da dabba ɗakin nan, kwatance kawai za ka ba ni in karanta."

Ya ce, "Yaro, kwatancen naka wa zai ji? Mutane. To, mutanen ne suka ɓata? Uwar nan ba ta jin Hausa, amma duk inda take tana jin kukan 'yarta. A sa bakinta a ƙarfen nan ta yi kuka sau ɗaya, mu ga ikon Allah."

Na nemi amsa na rasa, kuma har gobe ina ganin hujjar tasa ba ta da makusa. Ga shi mutum ne da ya halarci sunana, ba ya cikin waɗanda zan iya nuna wa ƙofa. Bature ya tafi shan shayi, mai kula da na'ura da ke bayan gilashi kuwa mutumin Kudu ne, gwani a aikinsa, amma Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, kuma daga inda yake zaune ba ya hango abin da ke ƙasan tebur. Jar fitila ta kama muna mu uku a ciki.

Na yi sallama ga masu sauraro da muryar da na daɗe ina gwadawa a bayan gida, na karanta cigiyar, na ce yanzu jama'a za su ji kukan 'yar akuyar da kanta. Dattijo ya ɗaga ta ya kara bakinta a makirufo. Ta shinshina ƙarfen, ta lashe shi, ta yi gum. Ya ja kunnenta, ya murɗa wutsiyarta, ya yi mata magana a hankali, ko uffan. Shiru ya fara tsawo, gumi ya karyo mini duk da sanyin da ake yi, na ɗaga masa hannu alamar ya haƙura, shi kuwa ya ɗauka cewa nake yi ya taimaka, sai ya matso da gemunsa ya yi kukan akuya da bakinsa, sau biyu, da iyakar ƙarfinsa. Daga baya na sami labarin cewa a bakin kasuwa kowa ya shaida muryarsa, har wani mahauci ya rantse cewa tun da yake fawa bai taɓa jin akuya mai tarin goro ba.

Na yi maza na juya ga garmaho. Faifan zamanin fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da ɗan kai, sai an yi wa injin wani da hannu, allurar ƙarfe kuma kusan kowane faifai sai an sake ta, in ba haka ba ta cinye waƙar ta bar ƙara. Na ajiye takardun labarai a kan kujera, na durƙusa ina neman gwangwanin allura, na ɗora faifai, na yi wani, waƙa ta tashi. Dattijo, wanda ya ji kunyar abin da 'yar akuyar ta yi masa a gaban gari, ya sauke ta ƙasa ya juya mata baya. Ba wanda ya kula da ita sai da faifai ya kusa ƙarewa, na miƙa hannu na jawo takarduna, na ji an riƙe su daga ɗaya gefen. Na fizga, ta fizga, na samu abin da ya samu, mai na'ura ya nuna ni da yatsa alamar lokaci ya yi.

Labarin Sudan ya fita lafiya, domin yana saman takarda ta farko. Abin da ban lura ba shi ne ta cinye gindin takarda ta farko, ta kuma cinye kan ta biyu, kuma ta yi cin ne da tsari, ta bar jimlolin da suka rage sun dace da juna. Da cikakkiyar murya, ina jan kowace kalma yadda na ji manya suna yi, na sanar da garinmu cewa Mai Alfarma Sarauniya Elizabeth za ta sauka a Legas ranar 28 ga wannan wata tare da mijinta, kuma idan ta iso Arewa, ana roƙon jama'a su shanya ta a rana ta bushe sosai, su tsince mata tsakuwa, sannan su ɗura ta a buhu su kai ta sikeli. Tun a wajen tsakuwa zuciyata ta ba ni cewa akwai magana, amma an hore mu kada mu tsaya, baki kuma ya riga ya kama gangara, bai tsaya ba sai da ya kai ga gargaɗin cewa duk wadda aka samu da danshi za a rage mata farashi. A daidai nan ne 'yar akuyar, da ta ƙoshi da labarai, ta buɗe baki ta yi kukan da aka roƙe ta tun farko, doguwar ƙara mai karkarwa, a gindin makirufo. Mai na'ura ya ɗaga mini babban yatsa ta bayan gilashi.

Jami'an mulki na lokacin sai sun ci jarrabawar Hausa, kuma Razdan ɗinmu, Baturen da ke mulkin lardi, yana cikin waɗanda suka iya ta har da karin magana, ga akwati a barandarsa. Ban gama sallama ba tarho ya fara ƙara. Bature ya dawo fuskarsa ja wur, ya sa na maimaita masa abin da na karanta da Turanci, kalma bayan kalma, wanda ya fi karantawar farko wuya. Ya ce in kawo takardun, na miƙa masa. Ya ce ina sauran, na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi can," na nuna cikin 'yar akuya. Ya dubi dabbar, ya dubi dattijo da ke durƙushe yana ta zuba gaisuwa, ya shiga ofis ya rufe ƙofa, muka jiyo wani sauti da masinja ya ce kuka ne, ni kuwa na fi zaton dariya. Hukuncin dai ya fito: a mayar da ni kan garmaho da faɗin lokaci har sai Sarauniya ta zo ta koma, kuma ni da kaina zan karanta gyara a shirin dare.

Gyaran ya fi ɓarnar ɓarna. Waɗanda suke masallaci ko gona lokacin shirin yamma ba su san abin da ya faru ba, sai suka ji gidan rediyo yana sanarwa da babbar murya cewa gyaɗa ake nufi a shanya, Sarauniya kuwa ba za a shanya ta ba, nan take kowa ya shiga tambayar wanda ya ce za a shanya ta. Washegari 'yan kasuwa suna tare ni suna tambayar nawa ne awon Sarauniya bana, mahaifiyata kuwa ta aiko a tambaye ni ko aikin akawu a ofishin haraji yana nan har yanzu.

Cigiyar ma ta yi aiki fiye da kima. Kafin magariba an jawo awaki iri-iri ƙofar gidan rediyo, baƙaƙe da farare da wake-wake, har da tunkiya, kowa yana cewa tasa ta amsa kukan akwati, yana kuma jiran tukuici, maigadi yana ta fama da su da sanda. Babu ta dattijo a ciki. Tasa an same ta ne bayan kwana biyu a wani kangon gida da ke bayan nasa, inda ta faɗa tsohon ramin ƙasa ta kasa fita, unguwar da ko falwaya ba a kafa ba. Ya zo ya same ni ina goge faifai, ya ce tun da ba rediyo ne ya samo ta ba a mayar masa da sisinsa, sannan 'yar akuyar tana ta zawo tun da ta ci tawadar gwamnati, in ƙara taro na magani. Akawu ya ce kuɗin da ya shiga littafi ba ya fita, saboda haka daga aljihuna na biya nai, wato sisi da taro, dattijo ya ƙirga, ya ɗaure a lalita, ya ce in gai da mahaifina.