Laifina kawai shi ne ina da aikin yi

Ban taɓa shiga layin neman tallafi ba sai a wannan makon, kuma mai unguwarmu ne da kansa ya matsa mini. Ya ce, "Malam, halin da gidanka yake ciki ba ɓoyayye ba ne, ka je ka gwada, haƙƙinka ne." Na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, na rubuta wa 'yan aji huɗu aiki a allo, na ɗaure takardar NIN da lambar BVN da takardun haihuwar yarana a leda, na tafi inda ake tantance sunaye.

Ba sai na ba ku labarin layin ba, kun san shi. Mata da goyo, tsofaffi zaune a kan takalmansu, 'yan sa-kai da bulala suna ta daka wa iyayen wasu tsawa. Tun hantsi nake tsaye, sai bayan azahar na kai gaban teburin.

Wanda ke zaune a wurin yaro ne, in ya yi yawa sa'an ƙaramin ƙanena. Yana cikin inuwar rumfa, ga kwamfutar hannu a gabansa, ga robar lemo mai sanyi tana naso a kan teburin. Na yi masa sallama, bai amsa ba. Na sake yi, sai ya ce, "Suna." Na faɗa. "Mata nawa?" Ɗaya. "Yara?" Biyar, ga kuma mahaifiyata tana wurina. Duk wannan bai ɗago kai ba.

"Sana'a?"

Na ce, "Koyarwa."

A nan ne ya ɗago. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, a hankali, ya ajiye biron da ke hannunsa.

"Koyarwa a ina?"

"Makarantar kuɗi ce, firamare."

"Wato albashi kake ɗauka."

Na ce, "Ana dai ba ni abin da ya sauƙaƙa."

"Nawa?"

Na sunkuya na faɗa masa a hankali, domin a bayana akwai mutanen unguwarmu, har da matar da na koyar da 'ya'yanta biyu. Ya ce bai ji ba. Na ƙara faɗa. Ya sa hannu a kunne ya ce, "Baba, ɗaga murya mana, ba malami ba ne kai?" Haka na buɗe baki, a gaban jama'a, na ce naira dubu talatin da biyar. Na kusa da shi ya kwashe da dariya.

Sai ya ce, "To ai kai ka fi ƙarfin nan. Nan wurin talakawa ne."

Na haɗiye abin da ya taso mini na ce, "Ɗan'uwa, mutum takwas ne a kan dubu talatin da biyar ɗin nan. Ka raba ka gani. Kuɗin mota kaɗai..."

Bai bari na ƙarasa ba. "Ni ba lissafi aka turo ni in yi ba. An ce mai albashi ba ya ciki. Ji rigarka ma, ta sha guga, ga biro a aljihu. Kai da ya kamata ka taimaka wa wasu, ka zo kana tare musu layi."

Rigar nan da ya gani, da dutsen guga na gawayi matata take goge ta kowane dare, ita da ɗayar rigar da nake da ita, domin a makarantarmu wanda ya zo da riga a yamutse ana yanke masa kuɗi. Wuyanta ya sha ɗinki har ya gaji. Ita ce yau ta zama shaidar arzikina.

Na ce, "To a ina aka rubuta cewa mai albashi ba ya ciki? Ko za ka nuna mini?" Wannan tambayar ce ta ɓata masa rai. Ya sa gindin biro ya turo takarduna, takardar haihuwar 'yar autata ta faɗi a ƙasa, ya kalli bayana ya ce, "Na gaba." Matar nan da na koyar da 'ya'yanta ita ta duƙa ta ɗauko mini, ta kaɗe ƙurar da mayafinta, ta ce, "Malam, yi haƙuri." Wallahi haƙurin da ta ba ni ya fi maganar yaron ciwo.

Ina fita wani dattijo ya jawo hannuna ya ce, "Malam, kai ma da gangan. Ai cewa ake yi ba ka aikin komai. Wa zai bi ka gida ya duba?" Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Da na yi ƙarya da yanzu sunana yana ciki. Kullum da safe ina tsayawa gaban yara ina ce musu ƙarya haramun ce, aiki kuma mutunci ne, sai ga shi tsarin da gwamnatina ta kafa yana saka wa maƙaryaci, yana korar wanda ya faɗi gaskiya. Da na koma makaranta kuma aka sanar da ni za a cire kuɗin ranar daga albashina.

Lissafin da yaron ya ƙi yi, ni kullum da shi nake kwana. Ba ni da abin hawa, gidan da nake haya yana bayan gari saboda nan ne ƙarfina ya kai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ɗan adaidaita ba shi da laifi, abin da ya saya yake sayarwa. Amma yau kuɗin zuwa aiki da dawowa yana cinye kusan rabin albashina, ko da kuwa ina taka wani ɓangaren hanyar da ƙafa. Abin da ya rage ba ya kai mu tsakiyar wata a masara da mai da gawayi, ban ma zo kan haya da maganin hawan jinin mahaifiyata ba. Lokacin dogon hutu kuwa ba a biyan mu ko sisi. Awarar da matata take soyawa a ƙofar gida ita ke riƙe da mu, ba digirina ba. Mai kantin unguwa yana da shafi guda da sunana a littafin bashinsa, albashi yana shigowa shi nake fara kai wa, in sake buɗe sabon shafi.

Za a ce ai an ƙara mafi ƙarancin albashi. An ƙara. A 2019 an mayar da shi naira 30,000, a watan Yulin 2024 aka sa hannu ya zama 70,000, a nan Kano ma gwamnati ta ce 71,000. Wa ya samu? Ma'aikacin gwamnati, shi ma ba a kowace jiha ba, kuma shi ma kuka yake yi. Dokar da kanta ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ku duba unguwanninku ku gaya mini, makarantun kuɗi nawa ne, ƙananan asibitoci nawa, gidajen burodi da gidajen ruwan leda nawa ne suke da ma'aikata 25 a rubuce? Wanda ma ya kai adadin, wa yake zuwa ya duba littafin biyansa? Ni ban taɓa ganin jami'in ƙwadago ya leƙo inda nake aiki ba. Ƙarin naira 35,000 da aka yi wa ma'aikatan tarayya bayan cire tallafin mai, daidai yake da albashina gaba ɗaya, kuma ko ƙamshinsa ba mu ji ba. Mai gadi, mai shara, malamin Islamiyya, yarinyar da ke tsaron kantin magani, yaron shago a Kwari, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. In ana maganar albashi a ce mu ba ma'aikata ba ne, in ana maganar tallafi a ce mu ma'aikata ne.

Ban ce a cire kowa daga layin nan ba. Gwauruwar da ke riƙe da marayu ta fi ni buƙata, makahon da aka jawo da sanda ya fi ni buƙata, in da guri ɗaya ne ya rage ni da kaina zan ce a ba su. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda aka ƙuntata abin har talaka ya koma yana hararar talaka. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ce da bakinta ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa. Ana so a ce duk waɗannan zaman kashe wando suke yi? Mafi yawansu tun asuba suke fita. Talakan Nijeriya ba rashin aiki ne kaɗai ya kashe shi ba, aikin da ba ya ciyarwa ne.

Kuma mene ne ma abin da ake wulaƙanta mu a kansa? A zamanin Buhari naira 5,000 ce a wata, ana haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu, har aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su a cikin shirin. Wannan gwamnatin ta fara da cewa za ta ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 a wata na tsawon wata shida, jama'a suka yi ca, aka janye. Daga baya aka ce naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, da bashin dala miliyan 800 na Bankin Duniya. Gaba ɗaya 75,000 ke nan, daga nan an sallame ka. Bashin kuwa da ni da 'ya'yana za a biya shi, mu da aka ce mun fi ƙarfin layin. A watan Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta yarda da sahihancin rajistar talakawan da ake da ita ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, kan zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, aka kuma dakatar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya na wani lokaci. Miliyan 585 ta kusa wucewa da sa hannu ɗaya, amma ni sai an ƙare wa gugar rigata kallo kafin a yanke hukunci a kan dubu ashirin da biyar.

Ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba, wasu ƙasashe sun daɗe da gane shi. A Ingila, mai karɓar tallafin Universal Credit in ya samu aiki ba a korar sa, ana rage masa tallafin ne a hankali, duk fam ɗaya da ya samu a rage kashi 55 cikin ɗari na fam ɗin, domin kullum wanda ya fita aiki ya fi wanda ya zauna samu. Amurka tun 1975 take mayar wa ma'aikaci mai ƙaramin albashi kuɗi ta hanyar haraji, kuma sharaɗin samun ma shi ne kana aiki. Kada a ce mini waɗannan masu kuɗi ne. Afirka ta Kudu tun 1998 take biyan tallafin yara kowane wata, abin da ake dubawa shi ne yawan abin da ke shigowa hannun mai riƙon yaron, ko yana aiki ko ba ya yi. Barazil ta yi nata tun 2003, tana raba kuɗin shigar gida da yawan bakunan da ke ci. Lissafin da na roƙi yaron nan ya yi ke nan, ya ce ba shi aka turo shi yi ba. Kuma na yarda ba shi aka turo shi yi ba. Waɗanda suka turo shi ne ba su taɓa zama sun tambayi kansu yadda mai dubu talatin da biyar yake kai ƙarshen wata ba.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mai makarantar da ke ƙara kuɗin zango duk shekara da sunan tsadar rayuwa, ya bar malamansa a kan albashin shekara biyar da suka wuce, a sahun gaba yake sallah. Ƙungiyoyin ƙwadago in sun shiga ɗakin tattaunawa ma'aikacin gwamnati kaɗai suke tunawa. Ɗan siyasa ya kawo shinkafa, sai an jera mutane a rana an ɗauki hoto, rabon kuma ta hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa zai bi, wanda ba ya zuwa taro ba ya ciki. Ni ina aji lokacin da ake taron. Mun kuma saba da auna talauci da ido: in ba ka zo a yage ba, ba ka cancanta ba. Mutum ya rufa wa kansa asiri, sai rufin asirin ya zama hujja a kansa.

Akwai samari a majalisar bakin layinmu, wasunsu ni na koya musu karatu. Da ina yi musu faɗa su nemi abin yi. Kwanaki ɗayansu ya ce, "Malam, don Allah kada ka ji haushi, kai me aikin ya tsinana maka?" Ba rashin kunya ya yi mini ba, tambaya ya yi, kuma ban samu amsar da zan ba shi ba. Mai ga-ruwan da ke kawo mana ruwa, in ya haɗa cinikinsa na wata, ya fi ni. Wani abokina da muka gama kwalejin ilimi tare ya ajiye alli ya karɓi adaidaitar wani yana biyan balas kullum, yanzu shi nake zuwa wurinsa rance. Ya yi mini tayin in karɓi tuƙin dare, kuma ina tunanin in an yi hutun wannan zangon ba zan koma aji ba. Malamai uku ne suka bar makarantarmu a bana, duk saboda kuɗin mota, an maye gurbinsu da yaran da suka gama sakandare bara, su ne yanzu ke koyar da 'ya'yanku lissafi.

Ga masu tsara wannan rajista, abin da nake nema ba shi da yawa. Ku cire tambayar "kana aiki ko ba ka yi" a matsayin ƙofar shiga, ku tambayi nawa ke shigowa gidan da mutum nawa ke ci. Ku liƙa sharuɗɗan a bango da Hausa, kowa ya karanta, kada yaro ya ƙirƙiro doka daga bakinsa. Ku buɗe inda wanda aka kora zai kai ƙara. Majalisa kuma ta goge wannan togaciyar ta ma'aikata 25 daga dokar albashi, a turo masu duba littattafan biya a makarantun kuɗi, a fara da na unguwarmu.