Shirwa Ba Ta Bi Ta Ƙofar Doka

(Hantsi, a wani gida da ke Tudun Wadar Zariya. Bazazzagi na zaune a tsakar gida, tabarau a kan hanci, littafi a cinya, yana nuna zomaye da biro ɗaya bayan ɗaya. Uwargida na tankaɗe a ƙofar kicin. Sai ga ƙanenta Bakano ya yi sallama.)

BAKANO: Salamu alaikum. A'a, Malam, ƙidayar jama'a aka fara ba a sanar da mu a Kano ba?

BAZAZZAGI: Wa alaikumus salam. Dakata, Alhaji, kada ka rikita min lissafi. 7, 8, 9. To, 9 dai. Da Sallar layya fa 14 ne cif.

BAKANO: Ku Zagezagi kun iya lissafi, riba ce ba ku iya ba. Dabbar da cikinta wajen kwana 31 ne kawai, ta zubo 6 ko 7 a haihuwa ɗaya, ita ce take raguwa a hannunka? Da a Kano ne da yanzu an buɗe shago.

BAZAZZAGI: Ba na kasuwa ba ne, na jikokina ne. Kowanne da sunansa. Kuma ni ba na kulle halittar Allah a keji kamar mai laifi. 'Yanci na ba su, su yi tsalle, su sha iska.

UWARGIDA: Su sha iska, iska ta sha su.

BAZAZZAGI: Hajiya, ba da ke nake ba. Dubi katangar nan, Alhaji. Ƙafa 7, ga fasassun kwalabe a kanta. Mu jikokin Sarauniya Amina ne, ganuwa a jininmu take.

BAKANO: Amina don mahaya dawaki ta yi tata ganuwar. Ka taɓa jin shirwa ta tsaya a Ƙofar Doka tana neman izinin shiga gari? Ɗaga kanka ka ga abin da ke kan rimin can.

BAZAZZAGI: Tsuntsu ne yake hutawa.

BAKANO: Hutawa? Wannan mai wutsiya kamar almakashi? Tana zaune tana ƙirga su tare da kai, kuma lissafinta ya fi naka daidai.

(Almajirin gidan ya shigo da damin ganyen dankali a ka.)

ALMAJIRI: Wallahi Baba ita ce. A kan idona ta ɗauki ɗan farin nan mai baƙin kunne. Ina wanke-wanke sai na ga inuwa ta gifta a ƙasa. Uwar ta buga ƙafar baya, dum, dum, duk suka watse. Shi ɗan ƙaramin ya yi nan, bango, ya yi can, bango. Babu ko kwandon da zai shige. Kafin in jefar da soso har ta yi sama da shi, sai gashi ya rage yana yawo.

BAZAZZAGI: Me ya sa ba ka gaya min ba?

ALMAJIRI: Na gaya maka, ka ce a ilimance shirwa ba ta iya ɗaga zomo.

BAZAZZAGI: Kuma gaskiya na faɗa! Shirwa ko kilo 1 ba ta cika kaiwa ba, ƙosasshen zomo ya haura kilo 2. Ta ina za ta ɗaga shi?

UWARGIDA: To ai shi ya sa ba ta taɓa ƙosassun ba. Ita ma ta yi makarantar. 'Ya'yan take bi, 2 ta kwashe.

BAKANO: Saura 3. Yaya, ci gaba, ni nake riƙe da littafin yanzu.

BAZAZZAGI: Ai na ɗauki mataki. Ba ka ga mutum-mutumin can ba? Babbar rigata ta ɗaurin aure na sa masa, da hula, na rataya tsofaffin faifan sidi suna walƙiya.

ALMAJIRI: Kwana 3 suka ji tsoronsa, Baba. Yanzu a kan hular hankaka yake karin kumallo.

BAKANO: Har hankaka ya gane Bazazzagi ba ya duka, sai dai jawabi.

UWARGIDA: Kuma wa ya tara tsuntsayen? Kullum da safe sai ya watsa gero a tsakar gida, wai sadaka ga kurciyoyi. Kurciya ta zo, tattabarun maƙwabta su zo, su yi kashi a kaskon ruwan zomaye. Inda ƙananan tsuntsaye suka yi dandazo kuwa, nan shaho yake leƙowa. Na ce ya kai sadakarsa bayan gida, ya ce ladan ya fi yawa a inda yake gani.

BAZAZZAGI: To na ukun fa? Da dare ya ɓata. Shirwa ba ta aikin dare.

BAKANO: Mujiya na yi. Ita ko ƙarar fiffike ba za ka ji ba.

UWARGIDA: Ku bar mujiya, ba ruwanta a wannan. Tambaye shi wa ya naɗa maigadi.

BAZAZZAGI: Muzuru na kawo saboda ɓeraye da gafiya. Gafiya tana shiga ramin jarirai, kowa ya sani.

BAKANO: La'ilaha illallahu! Ka ba kura ajiyar nama, sannan ka zauna da biro kana neman ɓarawo?

BAZAZZAGI: Muzurun nan mai ladabi ne. Tare suke kwanciya a inuwa.

ALMAJIRI: Da manyan yake kwanciya, Baba. Ƙananan kuwa rakiya yake musu.

BAKANO: Saura 2.

BAZAZZAGI: Na huɗun dai ba wanda ya taɓa shi. Da asuba na same shi a miƙe, ko ƙwarzane babu. Ina zargin sammu.

BAKANO: Sammun wa? Wa zai ɓata layarsa a kan zomo?

UWARGIDA: Daren ne karnukan unguwa suka kwana suna haushi suna tonon ƙarƙashin ƙofa. Zomo ba shi da zuciyar ɗaukar firgici, tsoro kaɗai yana kashe shi. Da yana cikin ɗaki mai duhu a kulle, da ko ya ji haushin zai lafe.

BAZAZZAGI: Wato dai so kuke in mayar da su fursuna.

BAKANO: Wa ya ce fursuna? Kai da kake da 'yanci, a titi kake kwana? Ka sake su da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, lokacin da zomo ya fi son kiwo ke nan, amma da mutum a tsakar gida. Rana ta take, su koma inuwa, don zafi ma yana kashe su. Magariba ta yi, a kulle kowa a ɗakinsa da sakata, ba da ƙusa a lanƙwashe ba. Wancan lungun kuma a rufe samansa da ragar waya mai ƙananan idanu, wadda kan maciji ba zai shiga ba, nan ne wurin uwa da 'ya'yanta har su yi ƙwari. Ka san ana haifarsu tsirara, ido a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗewa. A binne gindin ragar kamar ƙafa 1 a ƙasa, don kare yana tonowa daga waje, zomo yana tonawa daga ciki.

UWARGIDA: A sa ƙafafun ɗakin nasu cikin gwangwani da baƙin mai saboda kwarkwasa. Kuma fasasshiyar randar da na ce a kife musu a tsakiyar fili, da guntun bututun nan, ya ce suna ɓata masa tsari.

BAZAZZAGI: Bututu kuma na me?

ALMAJIRI: Mai baki biyu suka fi so, Baba. In an biyo ta nan su fita ta can.

BAZAZZAGI: Ikon Allah. Alhaji, yaushe ka san duk wannan? Ko ka yi kwas a cibiyar binciken dabbobi ta Shika ne ban sani ba?

BAKANO: Wane kwas? Ragar nake sayarwa. Akwai bandir 2 a bayan mota, farashin gida zan yi maka.

BAZAZZAGI: Na san a rina! Bakano ba ya ta'aziyya sai da kaya a but. To tsaya, lissafi bai cika ba. Shirwa 2, muzuru 1, firgici 1. Ina na biyar? Babban nan mai ruwan toka, Sarkin Fada, wanda ba shirwar da za ta iya ɗaga shi?

(Shiru. Uwargida ta ƙara ƙarfin tankaɗe. Almajiri ya fara kallon rimi.)

BAZAZZAGI: Kai, yaro, kai nake tambaya.

ALMAJIRI: Baba, ni dai fata kawai aka ba ni in shanya.

UWARGIDA: Malam, ka tuna zuwan Alhaji na watan jiya? Ka aiko daga masallaci ka ce a yi wa baƙo farfesu ko da mene ne, ba ka bar ko sisi ba.

BAKANO: Au, wannan farfesun? Yaya, ai cewa kika yi zabo ne!

BAZAZZAGI: Ni ma zabo aka ce min. Har na ce ban taɓa ganin zabo mai cinya huɗu ba, kika ce na Shika ne, ingantacce.

UWARGIDA: Kuma ka nemi ƙari.

BAZAZZAGI: (ya cire tabarau, ya dubi Bakano sama da ƙasa) Alhaji, ragar nan taka, akwai mai faɗin ƙofar zaure?

BAKANO: Akwai, amma ta fi tsada. Yaya, me ake dafawa yau?

ALMAJIRI: Baba, in kulle su tun yanzu ko sai magariba?