Kambun Turai na WWF: masu shi ne suka kashe shi

A takarda, kambun Turai na kamfanin kokawar WWF ya mutu ranar 22 ga Yulin 2002, da Rob Van Dam ya doke Jeff Hardy a wasan tsani (wanda ake rataye kambu a sama, mai hawa tsani ya ciro shi ya ci), aka haɗe shi da wani kambun kamfanin, na Intercontinental. A ganina ranar nan jana'iza kawai aka yi, gawar ta daɗe a kwance.

Ya faro da ƙafar dama. A Fabrairun 1997, a birnin Berlin, British Bulldog ya kayar da ƙanin matarsa, Owen Hart, ya zama na farko da ya ɗaura shi. Kwana 206 ya yi da shi, babu wanda ya sake kai haka.

Sai Satumba a birnin Birmingham na Ingila. Bulldog, ɗan Ingila, na gida, ya sadaukar da wasan ga 'yar'uwarsa mai fama da ciwon daji, tana zaune a sahun gaba. Shawn Michaels ya zo da 'yan kanzaginsa, aka yi wa Bulldog rubdugu, kambu ya tafi. 'Yan kallo suka yi ta jifan dandali da kwalaben roba da shara. Kowa ya san resilin shiri ne, amma fushin nan ba shiri ba ne. Mutane sun ɗauki kambun da daraja.

To me kamfani ya yi da darajar? Watan Disamba Michaels ya miƙe a ƙasa da gangan, abokinsa Triple H ya danne shi, suna wasan yara. A 1999 ɗan mai kamfani, Shane McMahon, ya ci kambun, ya ce ya yi masa ritaya. Bayan 'yan watanni Mideon ya tsince shi cikin jakar Shane, shi ke nan ya zama zakara, ko gumi bai yi ba. Abin da mai shi ya wulaƙanta, wa zai biya kuɗi ya kalli ana dambe a kansa?

Ba na musun ya yi rana. D'Lo Brown da William Regal kowannensu ya riƙe shi sau huɗu, Eddie Guerrero da Kurt Angle ma ta kansa suka bi kafin su kai ga babban kambu. Amma ƙoƙarinsu ne, ba tsarin kamfani ba. Kambun da aka raɗa wa sunan Turai, a shekara biyar ɗin da ya yi, 'yan Turai biyu kacal suka ɗaura shi: Bulldog da Regal, dukansu 'yan Ingila.