Likitar ta tambaye ni wane irin ciwon zuciya ne ya kashe Baba

"Me ya yi ajalin mahaifinka?" Haka likitar ta tambaye ni, biro a hannu. Na ce ciwon zuciya. Ta ce wane iri? Na yi shiru. Baba, Allah ya jiƙansa, ya yanke jiki ya faɗi ne a bakin shagonsa a Dilimi, cikin garin Jos, bayan azahar, kafin magariba mun kai shi makwancinsa. Shekara tara ke nan, babu wanda ya taɓa tambayar wane iri.

Ni haki kawai nake yi in na hau bene a nan Ingila. Aka yi mini gwajin ECG, wato na auna lantarkin bugun zuciya, aka ce hanyar lantarkin da ke kai saƙo ɓangaren hagu na zuciyata ta toshe. Saƙon da bai kamata ya kai kashi 120 cikin dubu na daƙiƙa ba, nawa yana cin 150. Sai aka tura ni hoton nukiliya.

Tun daren jajibirin ranar aka hana ni shayi da kofi. Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa, sanyi kamar asubahin Jos a watan Disamba. Ma'aikaciyar ta zaro allura daga wani kube mai nauyi, ta zuba mini sinadarin teknetiyam a jijiya, mai fitar da radiyeshin da kyamara ke gani. Na kwanta, hannuwa sama da kai, wayoyi uku manne a ƙirji, kyamara tana zagaye ni a hankali kusan minti 15. Kwamfuta ta yanka kowane bugu gida-gida, sai ga zuciyata da launuka a allo, wannan bango ya matse, wancan bai ma farga ba tukuna. Likitar ta ce hoton na taimaka musu kafin su dasa na'urar daidaita bugu, domin kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ake dasa wa ba sa samun sauƙi.

Wani abokin aikina ya ce ai a ƙasarku babu wannan ko? Maganar ta sosa mini rai. Akwai a Ibadan, akwai a Abuja, kuma likitocinmu ba kanwar lasa ba ne. Wahalar tana ga sinadarin: cikin awa 6 rabin ƙarfinsa ya tafi, uwar sinadarin da ake tatsarsa daga gare ta kuma rabin ƙarfinta na tafiya cikin awa 66, ga shi daga waje ake kawo ta. Jirgi ya makara, sai haƙuri.

Amma ECG fa? Ba ya jiran jirgi, minti biyar ne a gama. A nan likitocin Ingila suka sha gabanmu, suna tambaya. Na yi imani da ajali, sai dai da wani ya ɗora wa Baba wayoyin nan sau ɗaya, da yau ina da amsar ba likita, da ƙannena ma sun san abin da za su kiyaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin jira. Mu shida, kowa shi kaɗai, har wata tsohuwa mai sanda. A gida da tuni Yaya ya shimfiɗa tabarma a baranda, Inna ta iso da fulas ɗin kunu. Da zan fita suka ce in nisanci ƙananan yara har gobe saboda sinadarin da ke jikina. Nawa suna Unguwar Rogo, a Jos.

Da daddare na kira Hajiya, na roƙe ta ta bari Yaya ya kai ta a yi mata ECG ranar Litinin. Ta ce to, za ta je, amma ni yaushe zan dawo?