Mai yawo gida-gida da allura, wa ke tambayar lafiyarta?

Jiya da la'asar na iske Yayata tana zazzage tsohuwar jakar aikinta. Na'urar awon tansiyo, almakashi, ragowar bandeji, sai ga wani takunkumin atamfa ya faɗo, irin wanda teloli suka yi ta ɗinkawa a 2020, lokacin annobar korona. Ta ɗauka ta riƙe, ta yi shiru har na zaci ba ta ji sallamata ba. Can ta ce, "Ka san shekarar nan ban taɓa yin barcin kirki ba?" Gida ɗaya muke, amma wallahi ban sani ba. Shi ya hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan.

Duk ɗan Damagaram ya san irin su Yayata. Malaman asibiti ne, mata sun fi yawa, waɗanda in sun tashi aiki ba gida suke nufa ba. Su hau kabu-kabu zuwa Birni su wanke wa tsoho mai ciwon suga gyambon ƙafa, su wuce Zango su yi wa wata Hajiya allura, daga nan Garin Malam wurin wanda ɓarin jikinsa ya shanye, su juya shi kada bayansa ya yi miki. Wani gidan a ba su jika guda, wani a ce Allah ya saka, su kuma karɓa da hannu biyu.

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Aka rufe makarantu, aka rufe iyakoki, aka dakatar da sallar jam'i, har matasa suka tada tarzoma a Mirya. Mutane suka tsorata da asibiti, don ana ta raɗe-raɗin wanda ya je da tari za a tsare shi. To tsofaffin da ke kwance ina za su? Sai aka koma kiran masu zuwa gida. Aikinsu ya ninka daidai lokacin da kowa ke gudun kowa.

A nan nake so mu tsaya. Wanda ke cikin asibiti yana da abokan aiki, yana da majo, wato shugaban malaman asibiti, da zai kai wa kuka, ko ba komai akwai wanda za su haɗa ido su gane juna. Mai shiga gida ita kaɗai ce. Ɗaki ƙarami, taga a rufe, zafin Afrilu, ga azumi a baki, tsoho yana tari a fuskarta don sai ta sunkuya kafin ta samu jijiya. An ce a ba da tazara. Wace tazara ce tsakanin mai ɗaura ƙarin ruwa da hannun da take ɗaurawa? An ce a yawaita wanke hannu, a garin da kowa ya san yadda ruwan famfo ke wuya, inda a wasu gidajen bidon ɗin da aka saya shi ne na sha, shi ne na alwala. Yayata ta ce sau da yawa kunya ke hana ta roƙon ruwa karo na biyu.

Ga kuma bakin mutane. Rabin gari sun ce cutar ƙarya ce, ta Turawa ce. In ta sa takunkumi a ce tana ƙyamar mara lafiya. Wata dattijuwa da ta yi shekara uku tana jinya ta ce mata, "Ɗiyata, yau ni kike rufe wa fuska?" Ta ce, "Inna, don ke na sa." Amma da ta fito zaure sai da ta yi kuka. Ɗaya rabin kuma sun ce ita ce mai yawo da cutar. Maƙwabciyar da suke cin tuwo kwano ɗaya ta hana ƴaƴanta shigowa gidanmu. Ta ko'ina ba ta tsira ba.

Abin da ya fi cin ta kuwa shi ne mahaifiyarmu, mai hawan jini. Kullum ta dawo sai ta tuɓe kaya a bayan gida, ta yi wanka, sannan ta gaida Inna daga bakin ƙofa. Da dare ta kwanta tana lissafi: wa na taɓa yau, wa ya yi tari, in Inna ta kwanta ni ce sila? Wani tsoho da take dubawa ya rasu, ba a yi masa gwaji ba, har yau tana tambayar kanta ko ita ta kai masa. Ta rame, ta zama mai saurin fushi, mu kuwa muka ce azumi ne.

Wannan ba rauninta ba ne ita kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 zuwa 180,000 ne korona ta kashe daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021, kuma ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Nijar ba ta yi asarar rayuka kamar Italiya ko Amurka ba, alhamdulillahi. Amma a Afrilun 2020 Yayata ba ta san haka za ta kasance ba. Gawarwakin da take gani a talabijin su take ɗauka ta shiga ɗakin mara lafiya da su.

Ina ganin laifinmu yana cikin yadda muke amfani da kalmar haƙuri. Haƙuri ibada ne, ban musa ba. Amma mun mai da shi marfin rufe bakin mai ciwo. Ta ce ta gaji, a ce yi haƙuri, aikin lada ne. Ta ce gabanta na faɗuwa, a ce ke da kike likita? In ta ce tana son ganin mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, gobe a ce ta taɓu, gidajen da ke kiran ta su daina. Don haka ta haɗiye.

Kada a ce ai korona ta wuce tun da aka ɗage dokar ta-ɓacin duniya kan cutar a Mayun 2023. Sanƙarau ya ɓarke a jihar nan a ƙarshen 2022, mashaƙo ya biyo a 2023, ya fi tsanani a wajen Matamaye. Su dai waɗannan matan ake kira. Ina roƙon shugabanninsu na aiki da ƙungiyoyinsu su ware zama ko sau ɗaya a wata, inda za su faɗi abin da suka gani ba tare da an rubuta a takardar kowa ba, a kuma riƙa ba masu shiga gida safar hannu da takunkumi, ba su saya da kuɗin cefanensu ba. Malamanmu su ma su faɗa a wa'azi cewa neman maganin damuwa ba ƙarancin tawakkali ba ne.

Na tambaye ta me ta fi buƙata a lokacin. Ta ce da wani ya zauna kusa da ita ya ce, Yaya, yau me kika gani? Na ce to yanzu ki faɗa mini. Muka zauna a tabarma har aka kira isha, labarin nata bai kai ƙarshen watan azumin waccan shekarar ba ma. Yau da dare za mu ci gaba.