Zayyanar leda a allon sauka: wa ya ce sauƙi muka samu?

Makonni biyu ke nan abin yana ci mini rai, gara in faɗe shi. Na je walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan ƙanwata a nan Garwa, arewacin Kamaru. Yara bakwai suka sauke rana guda, an cika layi da tabarmi, mata suna ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Da lokacin karatun allo ya yi, sai ga alluna bakwai iri ɗaya sak, kamar daga kwali ɗaya aka zazzago su. Falanki ne na kafinta, an manna masa leda mai ƙyalli da aka buga a shagon kwamfuta, Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, furanni irin na kalanda a kewaye, can ƙasa kuma lambar wayar mai shagon. Tun kafin a shafa addu'ar tashi, zafin rana ya sa gefen ledar ɗan namu ya ɗago. Na sa babban yatsa na danne, ya sake tasowa.

Da aka watse na matsa kusa da malamin makarantar, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina tsohon nan da ke yi muku zayyana?" Ya ce, "Yana nan, Alhaji, amma ai zamani ya zo da sauƙi. Wannan yini ɗaya an gama, kuɗinsa bai kai rabin wancan ba, kuma ayar dai ita ce ayar."

Ban zargi malamin da mugun nufi ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan 'ya'yan jama'a. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar tasa ta zama ta kowa. Iyaye suna faɗa, 'yan boko suna faɗa, masu riƙe da ofisoshin al'adu ma da ita suke aiki ko ba su furta ba. A wurinsu aikin hannu mai ado, ko zayyana ce, ko sassaƙar ƙwarya, ko ɗinkin hula, ko dukanci, amfaninsa bai wuce abin da ido zai kalla ba idan an gama. In inji zai fitar da kamanninsa cikin minti biyar, to mai zaman kwana biyar a kansa wahalar banza yake sha. Wannan ra'ayin nake ƙi, kuma ina ƙinsa ne don na ga kwana biyar ɗin da idona.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, mai zayyana ne. Idan aka kawo masa aiki, tun kafin ya taɓa alƙalami an riga an sha tafiya. Allon na icen aduwa ne, masassaƙi ya fafe shi, an goge shi ya yi sumul, an shafe shi da farar ƙasa. Ni ne ɗan aiken nemo ƙaro da ake haɗa tawada da shi. Da hunturu, lokacin da dakwara ta kaɗe ganye, nakan bi shi bayan gari mu tsinto ƙwallayen da suka daskare a jikin reshe, wasu farare tas, wasu kamar zuma, hannuna duk ƙaya. Zugen da ake niƙawa a yi baƙar tawada, shi ma ƙonannen ice ne. Alƙalamin gamba ne, shi yake fiƙe shi da 'yar wuƙarsa, ya gwada bakin a kan farcensa. Kurtun tawadar ɗan ƙaramin duma ne. Babu abu ɗaya a gabansa da bai san uwar da ta haife shi a daji ba, da watan da ake samunsa, da irin ƙasar da yake so.

Sai ya yi alwala ya zauna, bayan hantsi, inuwar darbejiya ta rufe ƙofar zaure. Da zare da ɗan ƙusa yake fitar da da'ira. Daga nan ya shiga saƙa layuka, wannan ya hau kan wancan, ya nutse ƙarƙashin na gaba, ya sake ɓullowa, har su zagayo inda suka faro ba tare da an ga mahaɗa ba. Leɓensa na motsi, amma ba ka jin sauti. In ka yi masa magana ba ya amsawa sai layin ya kai ƙarshe. Ranar da ransa yake ɓace ba ya taɓa aikin ko kaɗan, yakan ce hannu ba ya rufa wa zuciya asiri. Na taɓa ganin ya wanke aikin yini biyu saboda layi ɗaya ya kauce da abin da bai fi ƙwayar gero ba, kuma babu wanda zai lura da shi sai shi da Mahaliccinsa.

Ina so masu cewa "ayar dai ita ce ayar" su gaya mini sunan wannan zaman. Ni dai tafakkuri na san ana kiransa. Mutum ya tattara hankalinsa wuri ɗaya, ya yi shiru, ya riƙa auna daidaito da tsari, yana sane da cewa duk ƙoƙarinsa bai kai tsarin jijiyoyin ganye ɗaya na bishiyar da yake zaune a ƙarƙashinta ba. Mai danna maɓallin injin bugawa yana hira a waya, yana karɓar canji, takarda tana fita. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Amma kada a ce mini abu ɗaya suka yi.

Abin mamaki, littafin da yaran suka sauke shi ne ya fi kowa matsa mana a kan kallo. A Suratul Gashiya, aya ta 17 zuwa ta 20, an tambaye mu ko ba ma duban raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaga ta, da duwatsu yadda aka kafa su, da ƙasa yadda aka shimfiɗa ta. A Suratu Faɗir, aya ta 27, launi aka yi ta lissafawa: 'ya'yan itatuwa masu launi dabam-dabam, duwatsu masu zane fari da ja da baƙi ƙirin. Aya ta 28 ta ƙara da launukan mutane da dabbobi, kuma a cikinta ne aka ce masu ilimi su ne ke tsoron Allah daga cikin bayinsa. Kowa ya haddace ƙarshen nan, ana ta kawo shi a wa'azi, amma ba kasafai ake tuna cewa a kan maganar launi ya zo ba. Wanda ya taɓa tsayawa da la'asar sakaliya ya dubi dutsen Tingelin yadda jansa ke sauyawa kafin magariba, ko ya je Rumsiki ya ga tsaunukan nan tsaye kamar an dasa su, ya san ayar ba ta yi masa nisa ba. To wa ke koya wa yaro irin wannan duban? Mai haɗa launi da hannunsa ne. Badukun Marwa da ke fitar da ja daga karan dafi, majemin da ya san bagaruwar da ta nuna daga wadda ba ta nuna ba tun a ido, matar da ke ƙona zane a bayan ƙwarya da bakin ƙarfe mai zafi, duk sun fi mai digiri sanin bambancin ja da ja.

Na san akwai masu jin kalmar zane sai su ɗaure fuska su ce haramun. Waɗannan su koma su karanta abin da Ibn Abbas ya gaya wa mai yin surori da ya zo masa da kukan abincinsa, yana nan a Bukhari da Muslim: in ba makawa sai ka yi, to ka zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Zayyana kuwa ko surar ƙuda babu a cikinta. A Muslim ɗin dai aka ruwaito cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu kallon aikin hannunmu a matsayin tsarabar Turawa. Tun watan Fabrairun 2013, da aka sace iyalan nan Faransawa su bakwai a kusa da Waza, baƙi suka ɗauke ƙafa daga yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kowa ya san yadda kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa ta koma. Tun daga lokacin duk taron da aka yi a kan sana'o'in nan, magana ɗaya ce: yaya za a dawo da masu yawon buɗe ido. Kamar dai kakanninmu sun zauna jiran jirgin Faransa ne kafin su ƙawata gafakar Alƙur'ani. Matan Gawi, ƙauyen Kotoko da ke kusa da Njamena, da ke yi wa bangon gidajensu ado da launukan ƙasa, don mazauna gidan suka fara yi. 'Yan ƙabilar Musgum da suka gina ɗakunan nan masu tsini a wajen garin Pus, zanen da ke jikin ginin shi ne matakalar da ake hawa a yi yaɓe, shi ne kuma hanyar da ruwan sama ke bi ya sauka. Kyau da amfani da sanin ƙasar da ake zaune a kai, tare suka taso. Ranar da muka yarda cewa darajar aikin tana aljihun baƙo, ranar muka sa hannu a takardar mutuwarsa, domin baƙo ya tafi, mu kuma mun riga mun koya wa 'ya'yanmu cewa ba don su ake yi ba.

Ga kuma abin da masu dashen itatuwa suka kasa ganewa. Tun zamanin shugaba Ahijo ake shirin mayar da Sahel kore, aka sake tayar da shi a 2008, ana dasawa, ana ɗaukar hoto. Amma bishiya ba ta rayuwa don an kafa mata allon sanarwa. Tana rayuwa ne idan akwai wanda zai ji ciwo ranar da aka sare ta. Kawuna ya taɓa yin sa'insa da mai gatari a kan dakwara guda, don ya san ta, shekara da shekaru yana cin arzikinta. Yaron da allonsa falanki ne, tawadarsa ta kanti, alƙalaminsa biro, zayyanarsa leda, me zai gani a jikin aduwa in ban da buhun gawayi? Chadi ce ke bin Sudan a fitar da ƙaro zuwa kasuwannin duniya, can ana zuba shi a lemon kwalba da alewa da magunguna, amma a walimar nan na tambayi yara uku daga cikin masu saukar ko sun san ƙaro, ɗaya ne ya ce ya taɓa jin sunan.

Sannan a gaya mini inda ledar nan za ta ƙare. Tawadar allo wanke ta ake yi da ladabi, a sha ko a zuba inda ƙafa ba ta takawa, ta koma ƙasar da ta fito. Leda mai ɗauke da Fatiha fa, in ta ɓare bayan wata uku? Tun Afrilun 2014 aka hana ledar zuba kaya marar kauri a Kamaru, amma duk wanda ya leƙa magudanun Garwa bayan ruwan farko ya san inda leda ke taruwa kafin ta gangara Binuwai. Wannan kaɗai ya isa ya sa malamai su tsaya su yi tunani, ko da sauran maganata ba ta shige su ba.

Za a ce talauci ne. Gidan da ya yanka rago, ya ɗinka wa mata anko, ya ɗauko mai hoton bidiyo, ba kuɗin mai zayyana ne zai durƙusar da shi ba. Abin da aka raina shi ake fara yankewa daga lissafi.

Gyaran ba ya bukatar wani kwamiti. Malaman allo su ce ba za su karɓi allon leda a ranar sauka ba, magana ta ƙare, iyaye za su bi. Mai sauka ya zauna kusa da mai zayyanarsa ko da yini biyu ne, ya niƙa zuge, ya riƙe zare. Masu martaba lamidai da sarakunan Hausawa na garuruwanmu, da suka san kowane tsohon mai sana'a da sunansa, su tambaya wa ke koyo a hannunsa. Makarantun boko kuma su daina mayar da darasin zane lokacin da malami ke fita shan iska.

Ni dai na karɓi allon ɗan ƙanwata, na ɓare ledar a hankali, na ƙona ta a wuri mai tsabta. Na nemi gidan tsohon da malamin ya ce yana nan. Na same shi a zaure, idonsa ya fara rauni, kurtunsa ya bushe har ya tsage. Ya juya falankin a hannunsa, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ba zai riƙe tawada ba. Ka samo mini aduwa, in Allah ya kai mu hunturu ka turo mini yaron da kansa." Na yi cigiyar masassaƙi a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, an ce in dawo mako mai zuwa.