Jirgin alhazai daga Damagaram: mu fara tambayar tsawon titin tukuna

Duk shekara in aikin hajji ya ƙarato magana ɗaya ce a fadodin Damagaram, daga Birni har Zango: don me za a zuba tsofaffinmu a kar a kai su Yamai, wajen kilomita 900, su isa a jigace tun ba su ga jirgi ba, alhali ga filin jirgi nan a bakin gari? Ina cikin masu wannan ƙorafi, kuma ban ga ranar dainawa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke neman abin. Kowa cewa yake a turo mana babban jirgi, kamar dai sa hannun minista kawai ya rage, ba ka jin mai tambayar mita nawa ne titin da jirgin zai yi gudu a kai.

Saukowar jirgin da ya zo wayam mai sauƙi ce, tashi da kaya shi ne aikin. Fiffike ba ya ɗaukar komi sai iska ta bi ta kansa da gudu, kuma babban jirgi sai ya kai kusan kilomita 280 zuwa 300 a awa kafin hancinsa ya ɗaga. Airbus A330, irin da ake yawan jigilar alhazai da shi, in an cika shi yana wuce tan 230, yana son titi wajen mita 2700. Boeing 747-400 kuwa yana kusan tan 400, sai titin da ya wuce mita 3000. Shi ya sa na Kano ya kai wajen mita 3300, na Yamai ma sai da aka ƙara masa tsawo lokacin gyaran 2019 kafin taron Tarayyar Afirka.

To amma waɗannan alƙaluman na bakin teku ne, a sanyin digiri 15. Mu fa? Damagaram tana bisa tudu kusan mita 460, a watan Afrilu da Mayu kuma zafi ya wuce digiri 40 ba labari ba ne. Iska in ta yi zafi sai ta yi sako-sako, inji ya shaƙa bai samu abin da ya saba samu ba ƙarfinsa ya ragu, fiffiken ma sai an ƙara masa gudu kafin ya ɗauka, wato an rage maka ƙarfi kuma an ƙara maka aiki a lokaci guda, duk a kan titi ɗaya da bai ƙaru ba ko da taku. A lissafin matuƙa, ranar da muke da digiri 42 jirgi ji yake kamar daga tudu mai mita 1500 zai tashi. Ko a Amurka, a garin Finiks, a watan Yuni 2017 sai da aka soke tashin jirage da dama saboda zafi ya kusa digiri 50.

Akwai kuma ƙa'idar da mu fasinja ba mu cika sani ba, kuma ita ce ke cin titi. Ana yin lissafin ne a kan cewa inji ɗaya zai mutu ana tsakiyar gudu, ko da ranar lafiya lau komi yake. Akwai wani gudu da matuƙa ke kira V1. In inji ya mutu kafin a kai shi, dole sauran titin ya isa a taka burki a tsaya. In bayan an wuce shi ne, ba tsayawa, dole injin da ya rage ya ɗaga jirgin ya tsallake duk abin da ke gaba, bishiya ce ko gini. Duk wanda ya taɓa ganin gingimari ta sha lodi tana neman tsayawa a gangare ya san ba a nan take tan 200 ke tsayawa ba. In titi bai ba da wannan damar ba, abu ɗaya ya rage: a rage nauyi. Ko mai, ko kaya, ko mutane.

Nan ne nake roƙon 'yan uwa mu sassauta wa ma'aikatan jirgi in sun ce an bar jaka a baya. Na san da ciwo, tsaraba ce ta iyali. Amma ƙarin nauyi kashi 10 cikin ɗari yana iya ƙara wa tsawon titin da jirgi ke buƙata kafin ya tashi kusan kashi 20. A ranar 25 ga Disamba 2003 a Kwatano, wani Boeing 727 da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya kasa ɗagawa da kyau, ya bugi gini a ƙarshen titi ya faɗa bakin teku, mutum fiye da 130 suka rasu. Na kusa da mu kuma ba wanda ya manta: 4 ga Mayu 2002 a Kano, da rana tsaka cikin zafin bazara, jirgin kamfanin EAS ya cinye titi bai tashi ba, ya shiga ƙasa injinansa suka haɗiyi ƙura, ya ɗan ɗaga sannan ya faɗa unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, da yawansu suna cikin gidajensu, ba su ma sayi tikiti ba. Allah ya jiƙansu.

Kar wani ya ɗauka cewa nake mu haƙura. Daga nan zuwa Jidda kilomita 3000 ne da ɗoriya, A330 kuwa an ƙera shi ya yi ninki uku na haka, kenan ba sai ya cika tanki ba, kuma man da bai sha ba tan-tan ne na nauyi da ya sauka daga wuyansa. In aka sa tashi da dare ko da asuba lokacin da iska ta yi sanyi an ƙara samun rangwame. Ga kuma matsakaitan jirage irin Boeing 737 masu tan 79 da fasinja wajen 180, su titin da suke so bai kai na manyan ba, sai dai a ƙara yawan sawu, kuɗin kujera kuma yana iya ɗan hawa. Ni dai a ganina gara sawu da yawa a jirgin da titinmu zai iya ɗauka, da a matsa wa kamfani lamba ya kawo ƙato don a yi hoto ranar farko.

Saboda haka in wakilanmu da 'yan farar hula za su je gaban hukuma, su tafi da tambayoyin da ke da amsa a takarda. Mita nawa titin yake yau, nawa ake so ya kai don A330 ya tashi da alhazai a watan Mayu? Kwaltar za ta iya ɗaukar nauyinsa, ko shekara biyu za ta fara tsagewa, don tsawo daban ƙarfin ƙasa daban. Fitilun dare fa, da motocin kashe gobara daidai girman jirgin, da man da zai sha a nan? Ginin tarbar baƙi mai gilashi yana da kyau ban ƙi ba, amma shi ake fara nuna mana saboda shi ido ke gani, titi kuwa ba mai zuwa ya auna.

Abin da ya fi gaggawa kuma ba ya cin ko dala: filin da ke ƙarshen titin, gaba da baya. Gari na ta faɗaɗa, fuloti na ta tsada, in magajin gari da masu rabon filaye suka bari gidaje suka matso, ranar da kuɗin ƙara titi suka samu sai an rusa wa mutane gidaje an biya diyya, ko a fasa aikin gaba ɗaya. A shata wannan fili tun yanzu, a kafa masa alama, a hana yanka shi ko wa ya zo nema.